Sakan Tara

"Faifan ajiyarki ya cika maƙil," in ji mai gyaran kwamfuta. "Ko ki sayi mai tera takwas, ko mu goge tarkace. Wannan guntun, me zai tsinana miki?"

Guntun bidiyo ne. Shekara ashirin ina tace bidiyo, yankewa da zubarwa ne sana'ata. Amma wannan sakan taran ban taɓa sa masa almakashi ba.

Na kunna masa. Hoton a karkace, rabin fuska. Baba ne, Allah ya jiƙansa, ranar da ya sayo min kyamarar farko, yana ƙwanƙwasa makirfo.

"Ɗaya, biyu. Auta, kina ji na?"

"Ina jin ka, Baba."

Na dubi mai gyara. "Mai takwas ɗin. Ba ni biyu, ɗaya a gidan yayata zai zauna."