Farin Abin da Ke Gindin Dutse

Wa ya aike ku tambaya? Hoto yana rataye a bango tun kafin a haifi rabinku, sai yau kuka ga farin abin da ke jikinsa? Kai, mai kunnen zomo, sauke yatsarka daga gilashin, ba kai kake gogewa ba. Ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da babanku ya sayi kyamara, gidan nan bai ga zaman lafiya ba. Mutum da aikinsa na gyaran fanka, ya wayi gari ya ce shi mai ɗaukar hoto ne. Da mutane yake ɗauka ma da sauƙi. Dutse yake ɗauka, wannan da ke bayan unguwa a bakin tafki, wanda tun ina yarinya bai taɓa matsawa ko taku ɗaya ba.

A shekarar ce gwiwata ta kumbura. Likita, wani yaro da na girmi uwarsa, ya ce in riƙa tafiya kowace safiya. Na ce masa ni ba akuya ba ce da za a kora kiwo. A gaban babanku da mamarku na faɗa, kuma kun san ni, ba na haɗiye magana.

Sai aka sa gasar hoto. Mamarku ta gaji da ganin fankokin mutane jibge a zaure, ta ce masa: "Ka ji ni da kyau. In ba ka ci ba, kyamarar nan ta zama firji." Ya ce ya yarda. Saura wata ɗaya.

Kullum kafin gari ya waye yake hawa babur ya zagaya can tsallaken tafki. Ya kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ya ɗaura mata wani baƙin gilashi a ido. Wai don haske ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, idon ya daɗe a buɗe. Abin da ke tsaye ya fito sarai, abin da ke motsi ya narke kamar hayaƙi. Na ce masa ka sayi ido da tsada ka kuma sayi makanta, Allah ya shirya.

Kuma ko numfashi kusa da ita ba ya yi, wai kada ta girgiza. Da ya danna, sai ya sulale ya koma wajen babur, ya juya baya, ya zuba wa agogo ido yana kurɓar shayi.

Ranar farko ya dawo fuska a murtuke. Dutse ya fito, ruwa ya kwanta luf kamar madubi, amma a gindin dutsen ga wani farin abu ya ja doguwar jela daga hagu zuwa dama.

Ya goge gilashi da hanki, ya koma. Yana nan. Ya sa gilashi mai ruwan toka. Yana nan. Ya aro mai rabi duhu rabi haske wajen abokinsa mai kemis. Farin abu bai fasa ba, sai ma jelarsa da ke ƙara tsawo kowane mako, kamar yana ƙara sauri.

Kawunku ya ce aljani ne, ya daina zuwa gidan nan da yamma. Mai kemis ya ce hazo ne. Mamarku ba ta da lokacinsu, faɗa take yi da yayyenku a kan wanda ke shigo mata da taɓo ta ƙofar baya. Har ta auna kusurwar kicin da igiya, inda firji zai zauna.

Babanku ya zo ya durƙusa a gabana. "Inna, me kike gani?" Na ce ina ganin mutum mai 'ya'ya huɗu yana faɗa da dutse.

Ana saura kwana uku mura ta kwantar da ni. Da safen nan ya shigo yana tsalle, har ya taka kyanwa. Abin ya tafi! Hoto fes, ba ɗigon fari. Ya ajiye shi a kan tebur kusa da na da, ya duba wannan, ya duba wancan, sai murnar ta fara tsiyayewa. Mamarku ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ce gaskiya ɗaya ce ko da za ta ci mata firji: mai tsabtar kamar kalandar shagon aski yake.

Ya aika da mai farin abin wurin gasar.

Ya ci. Alƙalan gasar suka ce shekara ashirin suna ganin hoton dutsen nan, ba wanda ya taɓa kama numfashin asuba sai shi. Numfashin asuba! Masu ilimi ke nan. Kyamara ta zauna, kusurwar kicin ta ci gaba da zama wurin tsintsiya, babanku kuwa har yau in baƙi suka zo sai ya tsaya gaban hoton ya ce akwai abin da ɗan Adam ba zai taɓa ganewa ba.

To kun ji. Ku tashi ku kwanta, kada in ƙirga uku. Ke, auta, ɗauko mini farin mayafina ki rataye a bayan ƙofa, ki kakkaɓe takalmana, da asuba zan zagaya dutsena kamar kullum, kuma duk wanda ya gaya wa babanku ko likitan nan sai na cire masa kunne.