Allon da Ya Fi Mai Shi

Tunda ka ce za ka buɗe naka wurin, zauna ka ji labarin wani malamin asibiti. Mutumin nan ya iya aikinsa, ba wasa: allura, wankin ciwo, ƙarin ruwa, ga sauƙin hannu. Da ya bar aikin gwamnati sai ya buɗe ɗakin shan magani a bakin tasha. Ka san halinmu, duk wanda ya sa farar riga likita muke ce masa. Shi ma sai abin ya yi masa daɗi. Da mai rubutun allo ya tambaye shi me za a rubuta, sai ya ce a sa "Ƙwararren Likitan Yara". Har gidan rediyo ya kai aka riƙa shela. Ai kuwa sai ga mata da goyo kamar ranar kasuwa.

Shelar nan ta kai ƙauyen da ƙanwarsa take aure. Ran nan ɗanta tilo ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ta saɓa shi ta shiga mota. Da suka zo ƙofar babban asibiti direba ya ce ta sauka, ta ce ina, tana da ƙwararre a gida! Malamin yana taɓa yaron ya ji wuya ya sanƙare. Ya san wannan ya fi ƙarfinsa. Amma benci cike yake da mata, duk sun zuba masa ido, ta yaya zai buɗe baki ya ce a kai wa likita? Sai ya ɗaura ƙarin ruwa, ya ce a ransa bari mutane su ragu. Kaico, ba su ragu ba sai da rana ta yi sanyi. A kan cinyarsa yaron ya cika, suna hanyar asibitin da uwar ta wuce da safe.

A wurin zaman makoki ƙanwar ce ma take ba shi haƙuri. Ta ce, "Yaya, daina kuka. Abin da ya gagare ka, wa zai iya?" Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya kasa faɗa mata gaskiya.

Gaskiyar Hausawa da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.