Kada Ki Motsa

"Kada ki motsa wuyanki," in ji mai maganin gargajiyar ƙasar Sin na soka allurai a jiki, yana soka ta ƙarshe a ƙeyar Auta.

Uwar ta zauna bakin gadon, rungume da gorar dafaffun saiwoyin Sin masu ɗacin tsiya. Sau biyu sanƙarau yana kwantar da 'yarta a asibiti. Likita ya gargaɗe ta, ko zazzaɓi ta gani ta kawo yarinyar a guje. Jiya zazzaɓin ya dawo, ita kuwa ta gaji da maganin da ba ya kashe ciwo, ta kawo ta nan.

Auta, wadda ko kitso sai an danne ta, yau ga ta kwance tana fuskantar bango, ko gezau.

"Ka ga 'yar albarka," uwar ta ce da murmushi. "Yau an ji magana."

Mutumin ya zare allurai ɗaya bayan ɗaya, ya yaye labule. Auta ta runtse ido kamar hasken ya mare ta.

"An gama. Juyo ki sha maganinki," in ji uwar.

Auta ba ta juyo ba.

"Juyo mana, Auta!"

"Mama," ta ce, muryarta can ƙasa, "tun kafin ya sa allurar nake ƙoƙarin juyowa."