Lambar Da Ke Kan Allon Shago

Mai ɗinki ce, shagonta a jikin gidanta yake, ƙofa ɗaya ce tsakanin keken ɗinkinta da falo. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. 'Yarsu ɗaya, shekararta goma sha ɗaya, ta fara dawowa daga makaranta ita kaɗai. Shi ya sa uwar ta ga ya kamata yarinyar ta riƙe waya, don ta riƙa jin muryarta duk ranar da ta fita sarin yadi.

Ƙaninta ya ce, "Yaya, ki saya mata 'yar ƙarama mai maɓalli, da sabon layi. A sa lambarki, da ta babanta, da tawa. Shi ke nan."

"Ga tsohuwar wayata a durowa, lafiyarta ƙalau, har da layi a ciki. Kai dai so kake a ce Kawu ya yi magana."

Ta ciro wayar, ta share hotuna, ta cire duk abin da ta ga ba na yara ba ne, ta miƙa wa 'yarta. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba. Wannan tsohon layin shi ne a rubuce da jan fenti a kan allon shagon, a bakin titi, inda duk mai wucewa yake gani. Ita ta daɗe da komawa sabon layi, amma allon ba a taɓa shi ba.

Kira ya fara shigowa, yarinyar kuwa abin ya yi mata daɗi. Sai ta gyara murya kamar babba, ta ce, "Shagon ɗinki ne, me za a ɗinka?" Kawu ya raɗa mata suna Sakatariya, kowa ya yi ta dariya.

Cikin masu kiran akwai wani mai taushin murya. Ya ce matarsa ce take son ɗinki. Yau ya tambayi ko Umma tana nan, gobe ya tambayi ina Baba, wata rana ya ce wace rana ce Umma take zuwa kasuwa. An koya wa yarinyar cewa idan babba ya yi tambaya a amsa masa da ladabi. Ta amsa masa duka, har sunan da Kawu ya raɗa mata sai da ta faɗa masa.

Wata rana da azahar uwar tana rumfar mai yadi tana zaɓen kala, sai ga wata tsohuwar kwastomarta.

"Ashe kina nan. Ɗazu na kira lambar allonki, 'yarki ta ɗauka. Wai kin tafi kasuwa sai la'asar, babanta yana hanya, ita kaɗai ce a gida. Na ce, 'yan mata, ai ban tambaye ki duk wannan ba."

Matar ta yi dariya. Uwar ba ta yi ba. Yadin da ke hannunta ya zame ya faɗi.

"Lambar allona kika ce?"

Ta kira 'yarta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka ce a kashe take.

Ba ta san yadda ta fita daga kasuwar ba. Ta tare mai babur, ta faɗa masa inda za shi. "Malam, don Allah ƙara wuta." Duk inda suka tsaya sai ta sake kira. Addu'a ɗaya take maimaitawa, ta kasa kai ta ƙarshe.

Tun daga nesa ta hango ƙofar shagon a buɗe. A ciki an kwance kan keken an tafi da shi, kayan mutane da ke rataye babu ko ɗaya. Duk wannan bai dame ta ba. Takalmin makarantar 'yarta ƙafa ɗaya ta gani a tsakiyar falo, a kife.

Ta kira ta, shiru. Ta duba ɗaki, ta duba banɗaki. Sai ta ji wani ɗan motsi a ɗakin ajiya, wanda aka zura wa sakata ta waje.

Yarinyar tana takure a kan buhun ƙyallaye. An ɗaure mata baki da ragowar yadin da uwar ta yanka da safe. Hannunta na dama ya lanƙwashe yadda hannu ba ya lanƙwashewa.

Da aka kwance ta, ba ta yi kuka ba. A hankali ta ce, "Umma, ya ce ke kika aiko shi da yadi. Ya ce, Sakatariya, buɗe min. Na ɗauka kin san shi."

Ba a kama mutumin ba. Hannun ya warke bayan an yi ɗori, amma yarinyar ba ta sake yarda a bar ta ita kaɗai ba ko a cikin ɗaki. Idan wayar wani ta yi ƙara, sai ta toshe kunnuwa ta shige bayan uwarta. Babu wanda ya ƙara kiran ta Sakatariya.

Uwar da kanta ta hau kujera ta shafe jar lambar da baƙin fenti. Kawu ne ya riƙe mata gwangwanin.

Iyaye, wayar farko da za ku ba yaro ƙofa ce kuka buɗe zuwa cikin gidanku. Ku zaɓi mai sauƙi, ku sa layin da 'yan gida kaɗai suka sani, ku kuma koya masa cewa mai baƙuwar murya a waya ba a faɗa masa wanda ke gida da wanda ya fita.