Kukan da Direba Ya Ɓoye wa Bakanike

Tunda gobe za ka ga likita, kuma na ji kana tauna abin da za ka faɗa masa da abin da za ka rage, bari in ba ka misalin wani direba.

A wani ƙauye da ke bayan gulbi, ƙungiyar manoma na da mota ɗaya tak, irin mai ja da ƙafa huɗu. In damina ta zauna, ita kaɗai ke iya ratsa yashi da taɓo ta kai mara lafiya asibiti. Makullinta na hannun wani direba mai son a ce ya iya. Wata rana ya saci jiki ya kwaso wa kansa bulo da ita ta cikin fadama, sai wani kututture ya yage robar da ke rufe kan shaf na hagu, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba. Giris ya tsiyaye, yashi ya samu gida. Ba a yi sati biyu ba mota ta fara ƙorafi. Da ya sa giyar ƙafa huɗu ya murɗa sitiyari har ƙarshe, sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taunar aya. Tsoronsa ɗaya ne, ranar da za a tsayar da shi gaban dattawa a tambayi inda ya kai amanar mutane, a karɓe makulli. Ya koyi shan kwana a lallaɓe, in da fasinja kuma ya ƙure rediyo. To, amma mutane ba kurame ba ne. Shugaban ƙungiya ya ce a kai ta gareji.

Bakaniken wani tsoho ne da ba ya ɗaukar sufana sai an zaga da shi a mota ya saurara. Ya bayyana wa direba cewa kowane ciwo da kukansa: gurnanin da ke ƙaruwa da gudu na boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ƙwal ɗin da ake ji in an taka totur ko an saki daga dogon shaf na ƙarƙashi yake, ƙas-ƙas a kan kwana kuwa kan shaf ne, shi ne kuma ba a wasa da shi. Direba ya ji an ambaci nasa. Da ma ya wanke ƙarƙashin motar tas, ya juya yagar robar ta koma sama. Sai ya ce ai ɗan gurnani ne kawai daga hannun dama. Ya ɗauki tsoho a miƙaƙƙiyar kwalta, bai sa giyar ƙafa huɗu ba, da aka ce ya juyo kuma ya yi da'ira mai faɗin masussuka. Tsoho ya ɗaga tayar dama, ya tarar boris ya ɗan ci, ya canza. Yana goge hannu ya dube shi ya ce, "Ɗana, ni minti goma na yi a cikinta, kai kullum kana ciki. Da kunnenka nake aiki. Babu wani kukan?"

"Babu, Baba," in ji direba. Ya fita yana jin daɗi, wai shi ya sha.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, kububuwa ta sari wansa a gonar gero. Kafin a sa shi a mota jini ya fara fitowa daga dasashinsa. Direba ya ja mota, shi kaɗai a cikin motar ya san abin da ke jiransu. A ƙetaren gulbin nan hanya ba ta miƙe ba, sai an sha kwana mai tsini ta hagu a cikin jiƙaƙƙen yashi, ana hawa. Ya sa giyar ƙafa huɗu ya shiga ruwa, ya fito, ya murɗa. Kukan ya tashi, wannan karon ba kamar aya ba, har a tafin ƙafarsa yana jinsa. Ya kama salati a zuci, yana roƙon Allah taku goma kacal. Sai ɓas. Gaba ya mutu, tayoyin baya suka yi ta haƙa rami har mota ta kwanta da ciki. Daga kujerar baya wansa ya kira shi da sunan yarinta, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko sun kusa. Direba ya kasa waiwayawa. Mutane suka tura, suka sa itace, suka yi haƙa da hannu, duk a banza. Aka ruga neman amalanken shanu, shanu kuwa ba su san sauri ba. Ana hango kwalta rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku tsohon bakanike ya zo janye motar. Ya kwanta ƙarƙashi, ya jima, ya fito da karyayyen kan shaf cunkushe da yashi, babu ɗigon giris. Bai yi faɗa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ya buɗe tafin direba ya ɗora masa ƙarfen, ya ce, "Aikin yini ɗaya ne, da na sani." Makulli dai har yau yana hannun direban, ba wanda ya karɓa, kuma kowace safiya shi ke wucewa da motar ta ƙofar marayun wansa.

Don haka gobe ka faɗi duka, har da wanda kake jin kunya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.