Tsinken Gwajin Ruwa

Tun da gubar dalma ta shiga rijiyoyin garinmu, kowa ke yawo da tsinken gwaji a aljihu. In aka tsoma shi a ruwa ya yi ja, ba a sha.

Yau autana Nafi'u ya zo daga birni. Na miƙa masa ruwa, ya zaro tsinkensa ya tsoma. Sai da ya ga kore sannan ya kurɓa.

Da la'asar na raka shi gaida maƙwabciyata Lantana, mai sabuwar rijiyar burtsatse. Ta kawo ruwa, ya kafa kai ya shanye.

A hanya na ce, "Tsinken naka ya ɓata ne?"

Ya ce, "Haba Inna, ruwan Gwaggo Lantana ne fa."

Ni da ya sha nonona, ni ake gwadawa.