Likitan Shekara Uku

Tun da safe ƙaramin likitan yake kallon duk wanda ya shigo ɗakinsa da ido biyu. Yana cikin rukunin farko na likitocin iyali da aka yaye bayan horon shekara uku maimakon huɗu, kuma manyan likitoci ba su bar su sun sha ruwa ba. Ɗanyen kasko, in ji su, ba ya kai ruwa ban ɗaki.

Don a raba gardama, kwalejin da ta horar da su ta ce a makon nan za ta turo wa kowannensu majinyacin gwaji, wato mai lafiya da aka koya wa ciwo ya haddace, ya bi layi kamar kowa. Wanda ya faɗi zai koma ya ƙara shekara. Shi kuwa matarsa na da tsohon ciki, kuma ya rantse mata an gama kwanan asibiti. Tsoro ya hana shi ko karyawa.

Doka ɗaya aka ja musu kunne a kai. Idan ka gane majinyacin gwaji, kada ka tona shi, kada kuma ka ba shi ƙwaya ko allura. Faɗi abin da za ka yi da baki kawai, shi zai kai labari.

Wajen hantsi wani dattijo ya shigo, ya jingine famfon kekensa a jikin tebur. Ya ce ƙirjinsa ke masa nauyi kamar an ɗora dutse. Ciwon na sauka hannun hagu, yana hawa muƙamuƙi, ya kuma fi tsananta in ya hau tudu.

Likitan ya ce a ransa ga majinyacin gwajin ya zo. Ai daki-daki haka yake a littafi! Majinyatan gaske sai ka yi ta tono kafin su faɗi rabin wannan.

Nan ya zage dantse. Ya tambayi taba, ya tambayi ciwon suga, ya tambayi abin da ya kashe mahaifinsa. Ya auna jini ya ga ya hau, ya ce a ransa kwaleji ta iya zaɓen tsoho. Da ya riƙe hannunsa ya ji sanyi da danshi, har ya yaba: mutumin nan har zufa ya iya.

"Baba, alamun bugun zuciya ne," ya ce, yana bin kalma ɗaya-ɗaya don ta zauna. "Mai irin wannan sai a ba shi asfirin ya tauna, a kwantar da shi, a kira motar babban asibiti."

Dattijon ya zuba masa ido yana jira. Likitan ya rufe alƙalami ya yi murmushi.

"Mun gama, Baba. Kana iya tafiya."

"Ba komai ke nan, ɗana?"

"Ai ka fi ni sani," ya ce da dariya.

Dattijon bai saba musu da likita ba. Ya yi godiya, ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ta taga likitan ya ga yadda ya tura keken har bakin titi, ya huta, sannan ya hau ya nufi tudun kasuwa. Wani abu ya ɗan sosa masa rai, amma farin ciki ya danne shi. Ya aika wa matarsa saƙo cewa ta kwantar da hankalinta.

Sauran layin ya bi da sauri, mai tari, mai ƙuraje, mai kunne. Ta ƙarshe wata mata ce mai ciwon baya da yawan tambaya. Ya sallame ta da maganin shafawa, ya soma tattara kayansa. Ba ta tashi ba.

"Likita," ta ce, muryarta ta sauya, "an gama gwajinka. Ni ce kwaleji ta turo."